Takalmin da Bai Taɓa Ƙetare Iyaka Ba

"...lafiya ƙalau, sai ciwon gwiwa. Kai fa, bawan gidanmu? Ashe har yanzu kana numfashi?"

"Ina zan mutu in bar miki basillata ki kai kasuwa? Shigo, Jaka Bakwai. Sunkuya, kada ki fasa mini ƙofa da wannan ɗaurin ɗankwalin."

Shagon Baduku ɗan ƙuntataccen ɗaki ne a ƙarshen layi, taku huɗu tsawo, taku uku faɗi. Hantsi kan leƙo ta ƙofa ya kwanta a kan teburin aiki kamar kyanwar gida, ya haska ƙusoshi da guntayen fata da gudumar da ƙotarta ta yi santsi saboda riƙo. Wadda ta shigo 'yar kawunsa ce, shi kuma ɗan gwaggonta, wato taubasai. Sun haura shekara sittin suna zagin juna, ba a taɓa jin ɗaya ya kwana da fushin ɗaya ba. 'Yar kasuwa ce, sau biyu a wata take tsallaka iyaka ta ɗauko kayan ɗinki. Shi ya laƙaba mata Jaka Bakwai tun suna da sauran baƙin gashi, sunan kuwa ya bi ta har bakin jikokinta.

Da ɗingishi ta shigo. Ƙafar dama tana cikin wani takalmin roba mai sheƙi, ta hagu ba komai. Ɗan'uwan takalmin yana hannunta, tafinsa ya ɓalle ya wangame baki.

"Ga mara lafiya na kawo asibiti."

Baduku ya karɓa da yatsa biyu, kamar an miƙa masa mataccen ɓera.

"Wannan ai ya wuce asibiti, sai maƙabarta. Kwanansa nawa a duniya?"

"Sati uku."

"Sati uku! Allah ya jiƙan jariri. Daga ƙetare ya zo ko?"

"Daga can ya zo. Ka gyara mini, ba gaisuwar mutuwa na zo karɓa ba."

"Yau ba na taɓa baƙo. Yau ranar 'yan gida ce."

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wani ƙunshi a farin ƙyalle, ya buɗe a hankali kamar mai buɗe fuskar jinjiri. Takalmin mata ne na jar fata, ɗinkinsa a jere kamar sahun tururuwa, yana ɗaukar hasken hantsi yana mayarwa.

Ƙasarsu tana cikin wata ƙungiyar ciniki da maƙwabtanta, inda kaya ke shiga su fita ba kuɗin fito, ba dogon bincike. Saura kwana tara a jefa ƙuri'a, ko a fita ko a zauna. Yau da la'asar masu sana'ar hannu za su taru a zaurensu don su tsai da bakinsu ɗaya, kuma Baduku aka zaɓa ya yi magana da yawun masu son fita.

"Mutum ɗari biyu, Jaka Bakwai. Zan tsaya a gabansu in ɗaga shi sama haka, in rantse cewa daga hancinsa har dunduniyarsa babu abin da ya taɓa ƙetare iyaka. In ce ga abin da hannunmu ke iyawa in an rufe wa tarkacen roba ƙofa."

"Rantsuwa ka ce?"

"Rantsuwa."

"Wa zai yi magana a ɗaya ɓangaren?"

"Dillalin nan mai babban sito. Mai tumbi."

Jaka Bakwai ta nemi benci ta zauna. Mota ɗaya suke shiga da dillalin in za su sari, ya san inda kowane zare na garin yake fitowa. Ta kuma san abin da ya rage wa taubashinta a duniya bai wuce maganarsa ba: in ya ce fata ce, ba mai sake shinshinawa. In ya rantse yau dillali ya ƙaryata shi a gaban jama'a, ba abin da zai sake ɗinke wannan.

"Kai dai tun kana yaro ba ka da kai," ta ce. "Me ƙungiyar ta ci maka ne?"

"Saurara."

"Me zan saurara?"

"Ki yi shiru dai, in kin iya."

Ta yi shiru. Daga can nesa, wajen tsakiyar layi, guduma ɗaya ce ke bugawa, tana yi tana hutawa.

"Ta abokin sana'ata mai ido ɗaya ce," in ji Baduku. "Da tawa, biyu. Lokacin da kike zuwa nan da majina a hanci ki saci guntun fata, guduma goma sha biyu ke amsa wa juna a layin nan. Mai barci bai isa ya kai hantsi ba. Yanzu sauran shagunan me ake sayarwa? 'Yan'uwan wannan mamacin naki. A saya yau, a binne jibi, a sake saye."

"Majinar taka ce, ni kallo nake zuwa yi. To na ji. Amma kafin ka rantse, bari in yi wa takalmin nan binciken kwastan."

"Ke? In aka bar ki da kan iyaka ai da jaka takwas za ki koma."

"Tsoro kake ji?"

"Ni? Bincika! In kin samu ko silin zare baƙo ne, na yarda ni ne bawan gidanku har in mutu. In ba ki samu ba, ke za ki ɗauko shi a ka har zaure, kina yi masa kirari."

Ta ɗauki allin da yake zana fata da shi, ta ja layi a tsakiyar tebur.

"Nan gida, nan ƙetare. Malam takalmi, sannu da zuwa. Zaren nan na jikinka daga ina?"

"Na mai saƙar bayan kasuwa ne," in ji Baduku.

"Ba kai na tambaya ba. Amma tunda ka amsa, mai saƙar bayan kasuwa shekararsa nawa a ƙasa?"

Baduku ya ɗaga ido sama yana tunani. "Ai 'ya'yansa..."

"'Ya'yansa direbobi ne. Wa ke kawo maka zare?"

"Ke."

"Ni kuma haifarsa nake yi?"

"Amma ba takarda a jikinsa! A tsohuwar jarida kike kawo shi!"

"Ka tuna ranar da na fara kawo maka shi da takardarsa? Ka ga rubutun ƙetare ka wurga shi ta ƙofar nan, har ya samu akuyar mutane a ido. Tun ranar nake zama a bayan mota ina ɓare takardun ɗaya bayan ɗaya. Duba farcena. Kai ka cinye shi."

Ya dubi farcen, ya dubi takalmin. Ya ɗauki ƙafar dama ta takalmin, ya sa bakin aska ya fara farke ɗinkin da ya kwana uku yana yi. Zaren ya fito a lanƙwashe, ya tara shi ya ajiye a gefen ƙetare.

"Zare ɗaya ne. Mutum ma yakan yi baƙo a gidansa."

"Gam fa?"

"Wannan kam kin faɗi. Ga shi a gwangwanin madara, kamar yadda ubana ke sayensa."

"Saniya ce ta yi shi? A babban duro yake zuwa, Baduku. Ku ba kwa iya sayen duro, kafin ku kai rabi ya bushe. Shi ya sa nake tsiyaya muku a gwangwani. Jikokina sun sha madara har sun ƙoshi don kai ka samu mazubi."

"Ƙusa fa?" in ji shi.

"A buhu."

"Maɓallin maɗauri?"

"Kada ma ka tambaya."

Gefen ƙetare ya fara cika. Baduku ya ɗauki ƙusa ɗaya ya ɗaga ta cikin haske yana jujjuyawa. Fushi ya kamata ya yi, amma wani abu dabam ya riga fushin zuwa fuskarsa.

"Wai tsakaninki da Allah, yaya suke yin ta? Shekara arba'in ina bugunta, ban taɓa samun biyu da suka bambanta ba. Na zaci wani maƙeri ne mai haƙuri."

"Na taɓa ganin wurin ta tagar mota. Gini ne kamar tasha. Wani inji ke haɗiye waya ta baya, yana aman ƙusa ta gaba kamar ruwan sama a kan kwano."

"Mutum nawa ke aiki?"

"Biyu na gani, su ma shayi suke sha."

"Biyu." Ya ajiye ƙusar a hankali. "Mutanen can ɗin, da ƙafa suke tafiya irin tamu?"

"Tasu ta fi taka kyau. Ba su da wannan kaushin da ake goge tukunya da shi."

"Ke kika san kaushinsu. Ni ban taɓa zuwa ba, ban kuma rasa komai ba." Ya shafa jar fatar da ta rage a hannunsa, muryarsa ta dawo. "To ga inda za ki tsaya. Fata tamu ce. Akuyar ƙasar nan ce, ko a duhu na san ta. Tasu kauri gare ta kamar fuskarki, tamu kuwa taɓa ki ji."

"Akuyarmu ce."

"Yawwa! Ɗauko shi a ka."

"Amma ta fi ka yawo. Ɗanya take tafiya, a motar da nake bi. Ni nake shan warinta tun daga nan har can. A can ake jeme ta, a rina ta, ta dawo da ƙamshi kamar amarya, ku yi ta shafa ta kuna cewa 'yar gida."

"Ƙarya kike yi, Jaka Bakwai."

"Kowace fata da hatiminsu a kusurwa. Ina kusurwar?"

"Ai kusurwar tawada ce. Ita ake fara yankewa, kada ta ɓata aiki. Kowane baduku ya san wannan."

"Ka taɓa karantawa?"

"Wa ke karanta datti?"

"Ina kake zubar da ita?"

Idon Baduku ya sauka a hankali zuwa ƙafar teburin, wadda ta gajarce tun zamanin mahaifinsa. A ƙarƙashinta akwai tarin 'yan guntayen fata masu kusurwa uku, ɗaya kan ɗaya. Duk lokacin da tebur ya fara rawa sai ya ƙara sabuwa.

"Ɗaga," in ji ta.

"Ke ki ɗaga, ai kin saba da dako."

Tare suka ɗaga, tsoho da tsohuwa suna nishi. Ta sa ƙafarta marar takalmi ta turo tarin waje. Tebur ya karkace, ƙusoshi suka gangara suka tsallake layin alli zuwa gefen gida.

"Ga su nan," in ji Baduku yana haki, "ko tambaya ba su yi ba. Haka suke shigo mana."

Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ta buɗe baki.

"Na sani," ya ce. "Kada ki faɗa. Shi ma daga can."

Suka baje guntayen a cinya. Na sama-sama duk hatimi ɗaya ne, shuɗin zobe da rubutun da shi ba ya iya karantawa, ita kuwa ta karanta masa tiryan-tiryan. Suka yi ta bi ƙasa, fatar tana ƙara duhu tana ƙara taushi, kamar masu haƙa rijiya suna wuce shekaru. Can ƙasan tarin suka samu guda uku da suka lallatse kamar ganye. Hatiminsu dabam ne: ɗan kifi, da baƙar tawada.

Baduku ya daɗe yana kallon kifin.

"Majemar bakin kogi," ya ce. "Kin tuna warinta in iska ta juyo?"

"Na tuna. Gwaggo takan rufe taga ta ce majema sun tashi."

"Mutum tamanin ke aiki a wurin. Na zaci raguwa suka yi, suka koma wani wuri. Ashe tun daga nan," ya nuna inda kifi ya ƙare zobe ya fara, "ba su sake jeme ko ɗaya ba, ni kuwa ina zaune a kan shaidar ina buga guduma." Ya ɗaga fatar takalmin. "To malamar kwastan, akuyar da aka haifa a nan, ta ci ciyawar nan, aka yanka ta a nan, aka jeme ta a can, 'yar wace ƙasa ce?"

Ta karɓa, ta kai gefen gida, ta dawo da ita gefen ƙetare, ta tsaya. Daga ƙarshe ta shimfiɗa ta a kan layin allin, rabi nan rabi can.

"Ka ga ma irinta ce ni," ta ce.

"Kin san kin ƙara mini hujja? Har jimar muka ba su! Mu ba su fata da wari, su ba mu ita da tsada. Wallahi fita za mu yi."

"Fita mana. Amma ni na san iyakar nan kafin a yi ƙungiya, kai ba ka sani ba. Kwana uku muke yi a gindin mota. Hatimi bakwai, kowane hatimi da mai shi, kowane mai shi da fuskarsa. Fatar mahauta ta ruɓe a layi, a zubar a rami. Ranar da kuka rufe ƙofa, majemar bakin kogi ba washegari za ta tashi daga kabari ba. Tsakanin rufewa da tashinta, da me za ka yi ɗinki? Da gemunka?"

"Gemuna ya fi zarenki ƙarfi." Ya sosa gemun. "Amma da gaske, wata nawa kike gani?"

"Ban sani ba."

"Ke da kika san komai?"

"Masu surutu a rediyo ma ba su sani ba, murya kawai suka fi ni. Abin da na sani, jaka bakwai za ta koma ɗaya, sai ka nemo mini wani sunan."

"In kuma aka zauna, guduma nawa za ta rage a layin nan bayan shekara biyar?"

Ta dubi mataccen takalminta da ke gefe, baki a wangame. Ta kasa kunne. Gudumar mai ido ɗaya ta yi shiru, wataƙila ya tafi shan ruwa.

"Wannan ma ban sani ba," ta ce.

Suka dubi tebur. A gefen gida, bayan an kwashe ƙusoshin da suka yi kutse, abu biyu ne kawai: ɗan dunƙulen kakin zuma da yake murza zare da shi, da katakon ƙafa da ake ɗora fata a kai a ɗinka.

"Kakin dai na mai zumar bayan gari ne," in ji shi.

"Ka tabbata ƙudan ba sa tsallakawa su sha furen maƙwabta?"

"Ki je ki kama su ki duba musu takarda."

Ta ɗauki katakon. Ya yi baƙi don tsufa, ya yi sulɓi. Ta bi shi da yatsa: faɗin gaba, tudun tsakiya, babban yatsan da ya ɗan karkata ciki kamar mai jin kunya. Hannunta ya tsaya a wurin.

"Wannan ai ƙafar gwaggo ce."

"Baba ya sassaƙa shi a kan ƙafarta, shekarar da aka haife ni. Da na tashi yin takalmin da zan nuna wa duniya, na duba katakaina duka, ban ga wanda ya kai shi ba."

Ta sunkuya ta dubi ƙafarta ta hagu, wadda ta sha ƙurar hanya. Faɗin gaba. Babban yatsa mai jin kunya.

"Ƙafar gidanmu ce," ta ce a hankali. "Ku aro kuka yi."

Baduku ya ɗauki ƙafar hagun da ba a farke ba, ya ajiye a ƙasa gabanta. "Goge wannan kofaton ki gwada. Kada ki fasa mini."

Ta goge da bakin zane ta zura. Takalmin ya karɓi ƙafar kamar ya daɗe yana jiranta. Ta miƙe, ta yi taku huɗu zuwa bango, ta juyo. Na dama yana ƙara ƙyas-ƙyas, na hagu ko motsinsa ba a ji.

"Yaya?"

"Ba laifi."

"Ba laifi kawai?"

"Yana ɗan... to, ya fi na robar. Kaɗan. Kada kanka ya kumbura, ƙofar ƙarama ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya shimfiɗa farin ƙyallen, ya kwashe zare da ƙusa da maɓalli da fata, ya ɗora guntaye uku masu kifi a sama, ya ƙulle.

"Kin ci, uwar ɗakina. Ba zan rantse ba. Wannan ƙunshin zan buɗe musu da hannuna kafin mai tumbi ya buɗe bakinsa. In ce ga abin da muka zama, ni ma yau na sani. Zan ce a fita, amma in gaya musu gaskiya: ba takalmi za mu fita, kuma ban san tsawon hanyar ba. Wanda zai iya taka ƙaya ya ɗaga hannu."

"Ni kuwa in miƙe in ce a zauna."

"Da takalmina a ƙafarki?"

"Naka ne? Ai na zaci kuɗin fito ne ka biya kwastan."

"Riƙe shi. Ɗayan sai na sake ɗinkawa. Haka za ki shiga zauren, ƙafa ɗaya roba ƙafa ɗaya fata, kowa ya ga wadda ke ɗingishi."

Ta tattara jakunkunanta. Ya tura sauran guntayen ƙarƙashin ƙafar tebur, ya girgiza shi ya ji ya zauna. Har ta sunkuya za ta fita, ta juyo.

"Jibi zan tsallaka, bawana. In kuka ci ƙuri'a, wataƙila ita ce tafiyar ƙarshe mai sauƙi. Zare nawa zan riƙo maka?"

Baduku ya leƙa layi, dama da hagu. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Cika jaka ɗaya."

"Da takardarsa?"

"Ɓare," ya ce. "Mai ido ɗaya bai sani ba tukuna."